Libarbar Kaka Ba Dukiyar Gado Ba Ce

Makon jiya aka kira ni shaidar rabon gado a wani gida cikin birnin Katsina, can wajen Ƙofar Guga. Ba ni da ko ƙwandala a ciki, abota ce kawai tun ta firamare tsakanina da ɗaya daga cikin magadan. An gama da gida, an gama da gona, aka zo kan kayan ɗaki: manyan riguna, alkyabba ɗaya da asu ya fara ci, buzu, littattafai. Daga nan aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, aka ɓalle kwaɗon, don makullin ya ɓata tun marigayin na da rai.

A can ƙasa, bayan an ɗebe rasiɗan haraji da tsofaffin kuɗi na zamanin fam da sule, sai ga wani abu mai nauyi naɗe cikin tsumman rawani. Aka warware. Ƙaramar bindiga ce, irin wadda tsofaffi ke ce wa libarba, mai tulun nan da ke juyawa da gidan harsashi 6. Tana cikin kube na jar fata. Tsatsa ta ci mata gefe guda, akwai zobe a gindin ƙotar inda ake ɗaura igiya, a jikinta kuma an buga Webley da 1917. Ta mahaifin marigayin ce, wato kakan magadan.

Ɗakin ya yi tsit. Can sai wani yaro cikin jikokin gidan, ɗalibi a jami'a, ya zaro waya. "Baffa, don Allah kada kowa ya taɓa ta! Wallahi irinta na gani a Facebook, an sayar dala miliyan 6 a Amurka." Malamin da ke rabon ya ajiye biro. Wata gwaggo da tun safe take sharar hawaye ta gyara mayafi ta ce, "Kai ɗan nan, nawa ke nan a kuɗinmu?" Kafin la'asar, mutanen da suka raba gida da gona ba a ji kansu ba sun fara ɗaga wa juna murya a kan ƙarfen da bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba.

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ra'ayina shi ne, tsohuwar libarba a gidan Bakatsine ba dukiya ba ce da za a yi wa kuɗi a raba, ba kuma abin ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ba ne. In tana da daraja, darajar tarihi ce, kuma wurinta gidan adana kayan tarihi, da sunan mai ita rubuce a gefenta. Na san akwai masu ja, don na ji su da kunnena a ɗakin nan.

Ina miliyan 6 ta fito?

Yaron bai yi ƙarya ba. A 2021 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da wata libarba ƙirar Colt a kan sama da dala miliyan 6. Abin da bai tsaya ya karanta ba shi ne, da ita ce ɗan sandan nan Pat Garrett ya harbe shahararren ɗan ta'adda Billy the Kid a 1881, kuma akwai takardun da ke nuna hannun da ta bi tun daga ranar. A 2018 ma an sayar da wata Colt Walker dala miliyan 1.84. Ita kuma guda 1,100 kacal aka ƙera irinta a 1847, yawancinsu sun lalace ko sun ɓace.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta Faransa. Wani manomi ya tsinci libarba a gona, tsatsa ta cinye ta har ba ta da kyan gani, ba ta harbi. Amma da yake ana kyautata zaton da ita mai zanen nan Van Gogh ya harbi kansa a 1890, sai aka saye ta Yuro 162,500 a birnin Paris a 2019. Ƙarfen da ɗan jari-bola ba zai ba ka kuɗin shayi a kansa ba. To me aka saya? Labari.

Masu tara irin waɗannan bindigogi suna duba su ne kamar yadda dillalin doki ke duba doki a kasuwar Mai'aduwa: ba ya tsayawa ga kyan sirdi, sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Za su duba ko lambar da ke jikin gangar ita ce a jikin tulun da bututun, don in an yi haɗe-haɗe kuɗin ya faɗi. Za su duba hatimin gwaji da ake bugawa a Birmingham, inda kamfanin Webley yake, don maƙeran Darra a Pakistan sun daɗe suna kwaikwayon Webley har da rubutun jikinta. Za su duba ko launinta na asali na nan. Sannan su tambayi takarda: wa ya riƙe ta, a ina, yaushe?

A nan ne na kusa yin dariya a gidan makoki. Wani kawu ya ba da shawara a kai ta wurin mai walda ya goge tsatsar da samfefa, a ɗan fesa mata fenti, "don ta ƙara kuɗi." A wurin masu abin, wannan shi ne kashe ta. Tsohuwar da aka goge ta yi ƙyalli ba ta kai wadda aka bari da tsufanta ba.

Ita kuwa tasu, irin wadda sojan Ingila suka fara amfani da ita ce a 1915, aka ƙera dubban ɗaruruwa saboda yaƙin duniya na farko. Ba ta yi ƙaranci ba. Ko a ƙasashen da doka ta yarda a yi cinikinta, kuɗinta daga ɗaruruwan daloli ne zuwa 'yan dubbai kaɗan, shi ma in lafiyarta lau. Kallon kitse ake yi wa rogo.

"To ko dala 500 ce ai kuɗi ne"

Haka ne, a wannan tsadar ba wanda zai raina ta. Amma wa zai ba ka? Mai tara kayan tarihi yana London ko Texas, kai kana Ƙofar Guga. Ba za ka sa ta a jaka ka bi ta filin jirgi ba, ba za ka aika ta gidan waya ba. Kasuwar da yaron ya gani a waya ba ta da ƙofa ta nan.

Mai sayen da ke nan kusa, wanda zai ƙirga maka kuɗi cikin dare bai tambayi takarda ba, kowa ya san ko wane ne. In ba ƙauraye ba, to masu ƙwacen waya, ko masu kai wa daji kaya. Shi ba ruwansa da 1917, abin da yake so ya sani ɗaya ne: tana tashi? Ko ba ta tashi ma, ta isa a nuna wa ɗan acaba a lungu ya sauka daga mashin ɗinsa. Malamanmu sun daɗe da hana sayar da makami a lokacin fitina, kuma ban san abin da za a kira zamanin nan ba in ba fitina ba.

Shi ya sa na tambayi malamin rabon a gefe. Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da babu halastacciyar hanyar sayar da shi, yaya za a yi masa ƙima har a fitar da tumunin takaba a ciki?" Ya yi murmushi ya ce shi dai bai rubuta ta cikin lissafi ba tukuna.

"Ai tsohuwa ce, ba ta ma harbi"

Wannan ita ce maganar da ta fi yawa, kuma ita ta fi haɗari, don masu faɗinta da gaske suke. Suna ganin kamar tsohon takobi ne ko kwari da baka da ake ratayewa a zaure.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta mafarauta, harba-ka-ruga, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininta. Bindigar harbin tsuntsu da makamantanta, sai Sufeto Janar. Kashi na farko kuwa, haramtattu, babu mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Libarba da fistol suna cikin wannan kashin, jeri ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da bindigogin soja. Jerin ya ambaci har da ƙaramar bindiga mai tashi da dutsen ƙyastu irin ta zamanin da can, wadda ta girmi Webley nesa ba kusa ba. Ke nan tsufa ba hujja ba ne. Hukuncin wanda aka kama da ita ba izini ɗauri ne da ba ya gaza shekara 10.

Ko da a ce kakan yana da lasisi, lasisi ba ya shiga gado. Kwana 14 doka ta ba magada bayan rasuwar mai shi. Kakan nan ya fi shekara 40 a ƙasa.

A Amurka dokar tarayya ba ta ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin makami irin sauran. Ingila ma, da ta hana ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane, ta bar ƙofa ga tsofaffi waɗanda aka daina ƙera harsashinsu. Bidiyoyin da yaranmu ke kallo daga can suke fitowa, a ƙarƙashin waccan doka. Ka lura ma, ta 1917 ko a Amurkan ba ta shiga sahun tsofaffin ba.

Sannan wa ya ce ba ta harbi? A ɗakin nan babu wanda ya san yadda ake buɗe ta a duba ko da harsashi a ciki, amma sai da ta bi hannu biyar, bakinta na kallon cikin wannan, yana kallon ƙirjin wancan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Sai da abokina ya daka tsawa aka mayar da ita cikin tsummanta.

"A wannan zamanin za ka ce mu rabu da bindiga?"

Mai wannan magana ba na raina shi. Wanda ke da dangi a Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa ko Faskari ya san abin da ake nufi da dare ya yi. Ba mu manta ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba. Gwamna Masari da bakinsa ya ce wa jama'a a 2021 su nemi makami su kare kansu, Gwamna Dikko Raɗɗa kuma ya kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Maganar ko talaka ya riƙe bindiga babbar muhawara ce, tana buƙatar nata rubutun.

Amma ba ita ce a gabanmu ba. Abin da ke gabanmu ƙarfe ne mai shekara sama da 100, da tsatsa a gefe, wanda harsashinsa mai lamba .455 ba a kasuwarmu ta nan yake ba. Wanda zai zo maka da dare yana riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30. In ma ka samu abin zuba mata, babu tabbacin ba a hannunka za ta fashe ba. Kuma furucin gwamna ba ya goge dokar tarayya, don sha'anin makamai a tsarin mulki na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai.

Ni a ganina ma jawo maka za ta yi, ba karewa ba. Kafin mu fito daga gidan, yaron nan ya riga ya ɗora hotonta a WhatsApp, ya rubuta a ƙasa wai sun tsinci arziki. A garin da kowa ke kukan 'yan infoma! Yanzu akwai mutanen da suka yi imani cewa a wancan gidan akwai abin dala miliyan 6 cikin adaka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

"Kayan kakanmu ne, tarihin gidanmu ne"

A nan kam na sassauta murya, don wannan ita ce hujjar da ta fi kama ni. Mu mutane ne masu riƙe kayan kakanni. A fadar Katsina har gobe akwai Gajere, takobin Korau. A Daura baƙo ba ya tafiya sai an kai shi rijiyar Kusugu an ba shi labarin Bayajidda da takobinsa. Wa zai ce a kai waɗannan wurin ɗan jari-bola?

Sai dai ka duba abin da ya sa suke da daraja. Gajere ba don ƙarfensa ake girmama shi ba. Akwai masu riƙe da labarinsa, daga baki zuwa baki, sun san na wane ne da abin da aka yi da shi.

Na tambayi magadan yadda kakansu ya samu tasa. Na samu amsa uku. Ɗaya ya ce daga yaƙin Bama, wato ƙasar Burma lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da ita. Wani ya ce a'a, kakan bai taɓa shiga soja ba, ma'aikacin En'e ne, wani Di'o ne ya ba shi da zai koma Ingila. Na uku ya ce shi dai ya ji an ce bayan yaƙin basasa aka saye ta hannun wani soja. Marigayin da ya san gaskiya ya yi shekara 80 da ɗoriya a cikinsu, yana zaune a zaure kullum bayan la'asar, babu wanda ya taɓa tambayarsa. An adana ƙarfe, an bar labari ya bi mai shi kabari.

Alhali kowace daga cikin amsoshin nan uku abin a rubuta ce. In ta Bama ce, to shaida ce ta dubban 'yan Arewa da suka yi yaƙi a dazukan can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, mutanen da jikokinsu da yawa ba su ma san sun je ba. In ta Di'o ce, to ƙanwar irin wadda hafsoshin Ingila ke ratayawa ce tun 1887, wato irin makamin da ke ɗamarar Turawa a zamanin da Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi. Wannan ba tarihin gida ɗaya ba ne, na gari ne duka.

Kuma muna da wurin ajiye shi. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ɗan makarantar da aka kawo daga Rimi ko Kaita ya ga libarbar nan cikin gilashi, da hoton mai ita da rawaninsa, da bayanin yadda ta zo hannunsa, ya ƙaru da wani abu. A cikin adaka kuwa, shekara 40 ba wanda ya gan ta sai gara da kyankyasai.

"In mun kai, mu za a kama"

Wannan tsoron shi ya sa irin waɗannan bindigogi ke kwance a gidaje da yawa, kuma ba zan ce ba shi da tushe ba. Ka ajiye, laifi. Ka ɗauka ka nufi caji ofis, a tare ka a shingen bincike da ita a aljihu, wa zai saurari labarin kakanka? Gaba kura, baya sayaki. Wasu rijiya suke jefawa, wasu masai, shi ke nan tarihi ya tafi.

A nan laifin ba na magada ba ne, giɓi ne a tsari. A jihar nan an yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, an sake yi a 2019, an karɓi makamai daga hannunsu a gaban kyamara, suka koma gida. In har za a iya buɗe wa wanda ya yi ɓarna ƙofar miƙa AK, me zai hana a buɗe wa marayan da ya tsinci tsohuwar libarba a adakar ubansa?

Abin ba wuya gare shi ba. A ware lokaci, a sanar a rediyo cewa duk mai tsohuwar bindigar gado ya shaida wa mai unguwa ko hakimi, jami'ai su zo gida su ɗauka, a ba shi rasiɗi, ba tuhuma. Wadda ba ta da wani tarihi a lalata ta. Wadda ke da shi, ƙwararru su kashe ta yadda ba za ta sake tashi ba, a miƙa wa gidan tarihi da sunan gidan da ta fito. Akwai cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai tun 2021, akwai hukumar gidajen tarihi tun 1979, ga masarautun Katsina da Daura da suka san kowane gida. Abin da ya rage su zauna a tabarma ɗaya.

Kafin a kai ga haka, abin da na gaya wa abokina shi ne kada ya motsa ta daga inda take, kada ya bari yara su kusance ta. Ya nemi lauya, su je wa mai unguwa tare, a rubuta wa hukuma takarda da shaidu, a roƙa a rubuce cewa in da hali a kai ta gidan tarihi. Ya yarda, ko da yake kawun nan mai shawarar fenti har yanzu yana ganin mun haɗa baki ne za mu cinye miliyoyin.

Yaron kuwa na sa shi ya goge hoton. Na ce tunda wayar na hannunsa, ya juya ta wajen Gwaggo, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakan. Da farko ta ce ita ba ta san komai ba, mata ba sa shiga maganar bindiga. Da aka kawo mata goro sai baki ya buɗe, ta yi minti 40 tana magana. Ta ce kuben ba na Bature ba ne, wani badukun unguwarsu ne ya ɗinka, kuma in an ɗaga murfin akwai laya a ciki. Aka ɗaga, ga ta nan. Ta ce a iya saninta sau ɗaya tak Baba ya taɓa harba ta, wata shekara da kura ta addabi awakinsu a bayan ganuwa. Bai samu kurar ba, ya dai fasa randar maƙwabta, sai da ya biya sule biyu.